Kuɗin adashe na tafe: in sayi PS5 ko in bi yaran waya?

Ɗanliti Mai Gem, Hayin Dogo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma don Allah wanda zai ba ni ya daure ya karanta har ƙasa. Masu ce min "kai dai sayi sabo kawai" sun ishe ni, don yawancinsu ba su taɓa tara naira ɗari-ɗari daga hannun yara sun nufi gidan mai da jarka ba.

Shagon gem gare ni a Samaru, ta wajen Hayin Dogo, bana shekara tara. Da PS3 (PlayStation 3) biyu na fara, da talabijin masu ƙeya da na saya a hannun wani mai gyara. Yau ina da PS4 huɗu, uku na aiki, na huɗun tun cikin azumi ya yi ƙara sau ɗaya ya ɗauke, na lulluɓe shi da tsohon ɗankwalin maiɗakina na ɗora a kan kanta. Ƙarshen watan nan ni ke da kwasar adashe. Kuɗi ne da ba zan sake ganin irinsu a dunƙule ba sai baɗi war haka, shi ya sa barci ya ƙaurace min.

Bari in ɗan koma baya don ku san da wa kuke magana. Ni ɗan Tudun Wada ne, a can na koyi riƙe hannun gem, zamanin PS1 da Winning Eleven mai sharhi da Japananci. Ko kalma ɗaya ba mu ji, amma duk mun haddace ihun mutumin. Wanda ya ɗauki Brazil sai ya ciro Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba. Wanda ya ɗauki Najeriya kuwa dabararsa ɗaya ce tal: a jefa wa Tijjani Babangida ƙwallo ta gefe a danne gudu, ba mai kamo shi sai dai a kwashe masa ƙafa. Muna ji da shi don ɗan Kaduna ne. Kuɗin taranmu duk can ya ƙare, kuma bulalar da na sha a kan gem ta fi wadda na sha a kan hadda. Da PS2 ya shigo, har takarda muke yawo da ita a aljihu, mun rubuta lambobin sirri na San Andreas, wannan na kawo jirgi, wancan na korar 'yan sanda. Saboda haka ba neman kuɗi kaɗai ya kawo ni sana'ar nan ba.

Yanzu ga abin da idona ke gani. Asabar ɗin da ta wuce bayan la'asar na tsaya a bakin ƙofa na ƙirga mutanen da ke cikin shagon, su goma sha huɗu. Biyu kacal ke riƙe da hannu. Sauran na jere a benci, kowa ya sunkuyar da kai kan waya, igiyoyin caji sun miƙo daga bango sai ka ce an ɗaure awaki a turke. Huɗu daga cikinsu rukuni ɗaya ne a Free Fire, wasan harbe-harbe na waya. Ga su kafaɗa da kafaɗa, amma ihu suke wa juna kamar ɗaya na Kwangila ɗaya na Shika: "An kayar da ni, zo ka tashe ni!" Inji na shan mai, fanka na kaɗa musu, talabijin biyu na kunne ba mai kallo, ni kuma abin da zan samu a kansu kuɗin caji ne.

Akwai ɗaya a cikinsu, yaron wani mai faci ne a bakin titi, Kwamanda muke ce masa. Gilashin wayarsa ya tsattsage kamar yanar gizo-gizo, ya manne gefe da salatif. Da yatsu huɗu yake bugawa, manya biyu a ƙasa, manuniya biyu a sama. Idan gumi ya hana yatsa sulɓi sai ya zaro 'yar hoda daga aljihu ya barbaɗa a gilashin. Wayar ta yi zafi, sai ya sayi ruwan leda mai sanyi ya kwantar da ita a kai na minti biyu, sannan ya shanye ruwan ya ci gaba. Ubangidansa ya ce min tsakar dare yake tashi don datar dare ta fi araha. Shekara biyu yana zuwa wurina, bai taɓa biyan kuɗin wasa ɗaya a PS4 ba.

Wani ɗalibin jami'a da ke zuwa buga ƙwallo duk Alhamis ya ce min a ƙasashen waje gida biyu ake raba 'yan gem. Akwai 'yan taɓa-ka-lashe, masu ɗan latsa waya a rage zaman jira, akwai kuma 'yan gani-kashe-ni, mayun da ke sayen PlayStation ko Xbox su kwana a kai. Ya ce na farkon sun rinjayi na biyun nesa ba kusa ba, kamfanoni sun bi inda jama'a take, kuma nan da 'yan shekaru ba wanda zai sayi kan gem, wato na'urar kanta, ta intanet za a riƙa turo wasa kamar yadda ake kallon bidiyo. Maganar ta tsaya min a rai.

Ga kuma tsadar rayuwa. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, kowa ya san inda ta kai bayan nan. Sau biyu ina ƙara kuɗin wasa, duk ƙarin da na yi sai wasu fuskoki sun ɓace.

Kuɗin da zan kwasa, a yadda aka yi min farashi a Kano, ko dai su sayi PS5 ɗaya na hannu da hannaye biyu, ko su ƙaro min PS4 biyu da canji, ko kuma in haƙura da ƙarin gem in sa sola da batir, in jera soket a bango, in bi yaran nan inda suka tafi. Gaba kura baya sayaki. Masu ilimin abin, ina kan gem ya dosa? Kada in zuba kuɗin shekara a kan abin da ake shirin yi wa jana'iza.

Injiniya Bala, PZ:

Wa alaikumus salam. Ɗanliti, kafin komai, cire wannan ɗankwali ka kawo min mara lafiyar in duba. Ƙara ɗaya sannan ya ɗauke, sau tari akwatin wutar ne ya ƙone, ba uwar na'urar ba. Ko wuta ce aka kawo da ƙarfi, ko kyankyasai sun shige ciki suna neman ɗumi sun haɗa waya da waya. Ban ƙirga adadin gawar kyankyason da na kakkaɓe daga cikin PS4 ba. Sauran ukun ma ka kawo su kafin hunturu ya kankama a busa musu ƙura a canza man da ke kan cip ɗin, don in ka ji fanka na ruri kamar jirgin horo zai tashi a Palladan, to numfashi ne ya yi masa wuya.

Tambayarka kuwa, ni ba na duba abin da masana ke hasashe, ƙwallo nake dubawa. Shagonka da ƙwallo yake rayuwa, kai ma ka sani. To duba lissafin nan. PS2 ya fito a 2000, FIFA na ƙarshe da aka yi masa shi ne FIFA 14, a 2013. PS3 ya fito a 2006, na ƙarshensa FIFA 19, a 2018. PS4 ya fito a Nuwamban 2013, kuma har FC 26, sabon sunan FIFA, da ya fito a 2025 an yi masa nasa. Ka ga ke nan ya riga ya kai shekarun da PS3 ya yi, ya kusa kamo na PS2. Ranar da EA, masu yin wasan, suka ce bana ba na PS4, daga ranar agogonka ya fara bugawa. Ba ranar zai mutu ba, don mun ga yadda aka yi shekaru ana buga PS2 da sababbin 'yan wasa da masu dabara suka cusa a tsohon kaset, kuma har gobe akwai shagunan da wasan ƙwallo na PES 2021 ke ci da su. Amma manyan kwastomomi za su fara tambayar ina sabo.

Duk da haka ba zan ce ka ruga ka sayi PS5 yanzu ba. Idan ana wasa yana jan wuta wajen wat 200, kusan ninki biyu na siririn PS4. Hannunsa na da daɗi, amma tsada gare shi, kuma kai ka san yadda yaranmu ke murɗa sanda idan an zura musu ƙwallo a minti na tasa'in. Hannu ɗaya ya lalace, ribar sati biyu ta tafi. Cikinsa ma ba irin man da muka saba ba ne a kan cip, wani ruwan ƙarfe ne, wanda bai iya ba ya buɗe sai ya yi ɓarna.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan. Mu a nan dama a kan ragowar bature muke. Ya saya da tsada, ya yi shekara biyar ya gaji, kaya su sauka a Alaba, su hau mota zuwa Kano, su iso gare mu da araha. PS2 da dala 299 ya fara, zuwa 2009 ya koma dala 99. PS5 kuwa da dala 499 ya fito a 2020, maimakon ya sauko, a Agustan 2025 sai aka ƙara masa dala 50 a Amurka. Tunda nake sana'ar nan ban taɓa ganin gem ya tsufa yana ƙara kuɗi ba sai wannan karon. Sannan suna janye kaset a hankali. PS5 Pro da ya fito a 2024 a kan dala 699 ba shi da wurin sa kaset sam, sai ka saya daban, kuma ko ka saya sai ka haɗa shi da intanet sau ɗaya kafin ya yi aiki. Kaset kana iya sayensa na hannu, ka yi musaya da na Sabon Gari, ka sayar in ka gaji. Wasan da aka sauke ta intanet kuwa yana ɗaure da asusun wanda ya saya. Bature ya sayar da kan gem ɗinsa, wasanninsa na nan a wurinsa, kai ƙwarya ce ba fura za ta iso maka. Najeriya ma ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da sunansu, kowa ƙaryar zama a Amurka ko Ingila yake yi, ya sayi kati da dala.

In dai ka nace sai PS5, to mai cin kaset, kada a ruɗe ka da arahar ɗayan.

Fa'iza, 'yar aji uku a kimiyyar kwamfuta:

Yaya Ɗanliti, sannu da ƙoƙari. Ni ban taɓa shiga shagon gem ba, kuma ka san dalili. Ina ƙarama nakan bi yayana har bakin labule in tsaya ina leƙe, ya fito ya kore ni gida. Rabin mutanen Zariya haka muka taso, gem abin maza ne a bayan labule. Waya ce ta fara ba mu namu. Shi ya sa idan na ji ana cewa waya ta kashe gem sai in yi dariya, don mu ba mu da abin da aka kashe mana.

Wannan rabon gida biyu da ɗalibin ya kawo maka, ni ban yarda da shi ba. Mamata Candy Crush take bugawa. Ta wuce mataki na dubu uku. Ta san wace alawa za a haɗa da wace, tana ajiye kayan taimako ba ta taɓa su sai mataki ya gagara, kuma ta taɓa tura agogon wayarta gaba don a dawo mata da rai. Wallahi ban koya mata ba. Idan tana kan mataki mai wuya, ko tuwo zai kama sai dai ya kama. Wannan ce 'yar taɓa-ka-lashe? Shi kuma wanda ya sayi PS5 ya ajiye a falo yana kunna shi ranar sallah don baƙi su gani, shi ne maye?

Amma a kan inda kuɗi yake, ɗalibin bai yi ƙarya ba. Kusan rabin kuɗin da ake samu a harkar gem a duniya daga waya yake fitowa. Da Microsoft, masu Xbox, suka kammala sayen Activision Blizzard a Oktoban 2023 a kan kusan dala biliyan 69, kowa Call of Duty yake ambata, alhali a cikin kayan har da kamfanin King, masu Candy Crush ɗin Mama. Sannan katangar da ke tsakanin kamfanonin tana rushewa. Forza Horizon 5, wasan tseren motar da a da masu PlayStation sai dai su ji labari, ya shigo PS5 a 2025. God of War na Sony, masu PlayStation, yana kwamfuta tun 2022. Kowa so yake wasansa ya shiga kowane allo.

Akwai wani darasi da zai yi maka amfani. A 2006 Nintendo suka fito da Wii don mutanen da ba su taɓa riƙe hannun gem ba, tsofaffi da iyaye mata, kaɗa hannu kawai kake ka buga tanis. Sun sayar da sama da miliyan 100. Da suka fito da magajinsa Wii U a 2012, ko miliyan 14 bai kai ba, don mutanen nan sun riga sun sami wayoyi masu shafa, sun yi gaba. Aka ce Nintendo ta mutu. Sai ga Switch a 2017, wanda za ka haɗa da talabijin ko ka zare ka sa a jaka, ya wuce miliyan 150. Ni a ganina can abin ya dosa, na'urar da ke da batirinta da allonta. Ga ƙasar da ba wuta kuwa ai faɗuwa ta zo daidai da zama, matsalar dai kuɗinsa.

Batun turo wasa ta intanet kuma, kwantar da hankalinka. Google da duk dukiyarsu sun gwada da Stadia a 2019, suka rufe a Janairun 2023, kuma ko Afirka bai iso ba. Irin wannan wasan, duk maɓallin da ka danna sai saƙon ya je wata kwamfuta a wata ƙasa, hoton ya dawo, kafin ɗan wasanka ya motsa. Ni da sai na fita bayan ɗakin kwananmu na ɗaga waya sama kafin in tura aikin gida, ga ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin waya a farkon 2025, ina za mu kai wannan? Ba shi zai rufe maka shago ba.

Sarkin Hannu, Sabon Gari:

Haba jama'a! Malama Fa'iza, da girmamawa, a gaida Hajiya, amma jera alawa ba gem ba ne. Shafa gilashi ba gem ba ne. Ku zauna gaban allo mai inci hamsin ku ji yadda hannun PS5 ke rawa a tafinku idan ana ruwan sama a cikin wasa, sannan ku zo mu yi magana. Oga Ɗanliti, sayi abinka! Shago na farko da ya sa PS5 a layinmu, wata guda ana layi har waje. Kuma GTA VI, ƙanin su San Andreas, na tafe. Sau biyu ana ɗage shi, amma duk ranar da ya fito, PS5 da sabon Xbox aka yi wa, ba PS4 ba waya. Ranar za ka ga su Kwamanda sun jefar da hoda sun zo suna roƙon minti biyar. Wanda bai shirya ba ya sha kallo.

Malam Lawal, Ƙofar Doka:

Ɗanliti ɗana, Allah ya yi wa nema albarka. Ni malamin makaranta ne, saura shekara huɗu in yi ritaya, kada ka yi mamakin ganina a wannan magana. Mu ne 'yan zamanin gem mai kaset na roba, wanda in ya ƙi kamawa sai a zare a busa masa iska da baki a mayar. Daga nan Sega. Na taɓa kwana uku ina fama da Mortal Kombat a ɗakin wani abokina a Kongo, har na rasa jarrabawar gwaji.

Da aka biya mu wasu bashin ƙarin girma, na cika tsohon buri na sayi PS4 na kai gida. Ka san me ya faru? In dawo aiki, in yi maƙin takardu, in raka wannan asibiti, in je gaisuwar wancan. Sai bayan isha'i zan zauna. In akwai wuta, sai ya ce sai ya sabunta kansa tukuna. Kafin ya gama na yi barci a kujera da hannun a cinya. Yanzu uwargida ta ɗinka masa riga, tana ɗora tasbahata a kai. Gem ɗin da nake samu shi ne Ludo a waya in ina layin banki. Don haka ni ban ga gida biyu ba. Mayen da ɗan taɓa-ka-lashen mutum ɗaya ne, aure da 'ya'ya ne a tsakaninsu. Sarkin Hannu, Allah ya kai mu ranar ɗaurin aurenka, za mu sake wannan hira.

Abin da zan roƙe ka a matsayina na uba: duk abin da ka saya, yaro mai kayan makaranta kada ya zauna maka kafin a tashi. In an kira salla a kashe inji. Kuma ka sa ido a kan masu cewa "wanda aka ci shi zai biya", daga nan ake zarcewa a fara ajiye kuɗi a ƙarƙashin hannu, shago ya koma gidan caca ba ka sani ba. Ranar da iyayen unguwa suka juya maka baya, ko PS10 ka kawo ba zai tsare ka ba.

Ɗanliti Mai Gem, Hayin Dogo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Malam, in sha Allahu. Maganar salla da kayan makaranta dama doka ce a rubuce a bangon shagon, ta caca ce zan ƙara ƙaimi, don gaskiya na taɓa kama wasu biyu.

Oga Injiniya, abin da ka faɗa shi ne. Jama'a, na kai masa shekaranjiya, ya kwance a gabana, ya juya akwatin wutar a kan jarida, kyankyasai uku suka faɗo a bushe. Wata bakwai ina makokin abin da kyankyaso ya kashe. Yanzu haka yana aiki.

Maganar Malama Fa'iza ce ta sa na ɗauko littafin da nake rubuta ciniki, na zauna da shi daren jiya bayan na rufe. Ban taɓa duba shi da wannan ido ba. Kuɗin PS4 ɗina ba daga mayu yake fitowa ba ko kaɗan. Ranakun da littafin ya fi cika su ne daren Asabar da Lahadi, da daren da aka buga gasar zakarun Turai. Da an tashi daga gidan kallon ƙwallo na bayanmu, sai su kwararo wurina: 'yan acaɓa, teloli, wani mai shayi da ke barin ƙaninsa a kan tebur. An ci Arsenal, ɗan Arsenal ya zo ramuwa. An ci Madrid, ɗan Barcelona ya zo ƙarasa cin fuska. Yawancinsu maɓalli uku suka sani, ba da ƙwallo, gudu, shuti. Ba su san sunan kamfanin da ya yi wasan ba, ba ruwansu da FC nawa ne, in dai an sa musu sabon ɗan wasan da ƙungiyarsu ta saya. Wasa biyu, uku, a yi ihu, mutum goma na tsaye a bayansu suna zuga, kowa ya kama gabansa. Mai shayin nan ya taɓa ce min yana da ƙwallo a wayarsa, amma cin da ba wanda ya gani ai ba ci ba ne.

Ashe ni a shagona abin a juye yake. 'Yan taɓa-ka-lashen su ke riƙe da hannun PlayStation, su ke saya min mai. Mayun na gaske, masu tashi tsakar dare, suna benci da fasassun wayoyi suna biyan kuɗin caji. Na kuma tuna Oktoban 2024, da Arewa ta yi sama da mako a duhu. A kwanakin nan cajin waya kaɗai ya kawo min abin da gem bai kawo ba a wata, har a kan tabarma nake jera wayoyi da lamba a manne.

Sarkin Hannu, kada ka yi fushi, PS5 sai baɗi in Allah ya kai mu, ko ranar da aka daina yi wa PS4 ƙwallo, duk wanda ya riga. Shagon layinku da aka yi wata guda ana layi, ina so ka faɗa min yadda yake a wata na shida. Wannan kwasar sola za ta tafi. PS4 huɗu da talabijin huɗu da fanka biyu, in na raba su da fetur ko da rana kaɗai ne, na san abin da zai rage min. Zan ƙara benci ɗaya da soket a jikin bango, kuɗin zama daban da na caji, kuma ina tunanin haɗa wa yaran gasar Free Fire duk ƙarshen wata, kyautar data, ba kuɗi a hannu ba saboda maganar Baba Malam.

Da na gaya wa Kwamanda batun gasar, sai na ce ya zo ya ɗana PS4 ɗin da aka gyara, wasa ɗaya kyauta. Ya karɓi hannun yana jujjuya shi kamar an ba shi jaririn wani. Aka take wasa, sai ga shi yana shafa ɗan faifan taɓawa na tsakiya da babban yatsa, yana jiran ɗan wasa ya juya. Wani ɗan acaɓa mai maɓalli uku ya zura masa shida ba ko ɗaya, shago ya kaure da dariya, har da masu tafi. Bai ce uffan ba, ya ajiye hannun ya koma benci. Yau da azahar sai ga shi da baƙin mai har gwiwar hannu, ya ajiye min kuɗin wasa biyu a kan kanta, ya ce in ɗan acaɓan nan ya zo in aika a kira shi a wurin faci.

Oga Injiniya, saura tambaya ɗaya. Batir na ruwa zan saya guda biyu, ko in daure in ciko kuɗi in ɗauki lithium ɗaya? Kuma fanel nawa zai riƙe min kayan nan daga hantsi zuwa magariba?